Lallen kon: Abin da ke sa ya toshe, ya tsinke ko ya ƙi kamawa, da yadda ake gyara shi

A ƙasar Maska da sauran garuruwan noma na kudancin Jihar Katsina, daga Funtuwa zuwa Bakori da Malumfashi, bukukuwan aure sun fi yawa bayan kaka, lokacin da manomi ya kai masara da auduga da waken soya kasuwa, kuɗi suka shigo hannu. A wannan lokaci, da kuma jajibirin Sallah, masu ƙunshi ba su da hutu. Mace ɗaya takan zana wa amarya da ƙawayenta da 'yan uwanta tun daga hantsi har dare, kuma duk aikin nata ya rataya ne a kan wata 'yar leda da ake naɗewa kamar mazurari, a ɗura kwaɓaɓɓen lalle a ciki, wadda masu sana'ar ke kira kon.

Idan kon ya toshe a tsakiyar zane, ko ya fashe a jikin lefen amarya, ko lallen ya ƙi kamawa, asarar ba ta tsaya a kan kuɗin gari ba. Sunan mai ƙunshi ne ke zubewa a unguwa, domin a wannan sana'a baki ne ke kawo ciniki. Sai dai yawancin matsalolin da ake ɗora wa kon sun samo asali ne tun kafin a naɗa ledar, wato daga garin lallen da yadda aka tankaɗe shi da yadda aka kwaɓa shi da tsawon lokacin da aka ba shi. Wanda ya fahimci wannan zai gyara aikinsa da abin da ke cikin gida, ba tare da ya nemi sinadarin da zai illata fatar mutane ba.

Daga zunguru zuwa kon

Lalle tsohon ado ne a ƙasar Hausa. Littafin Baba of Karo na Mary Smith, wanda aka wallafa a 1954 daga labarin da wata dattijuwa Bahaushiya ta bayar a Giwa, tsakanin Zariya da Funtuwa, ya nuna yadda sa amarya a lalle yake cikin manyan matakan aure. A wancan zamani ana daka ganye ne a kwaɓa, a lulluɓe hannu da ƙafa, a ɗaure da ganye da tsumma, hannu kuma a zura shi cikin zunguru. Irin wannan ƙunshi bai damu da laushin gari ba, tunda babu wata ƙofa da lallen zai bi ya fita. Daga baya aka shiga yanka salatif ana liƙawa domin fitar da fasali.

Zanen fulawa da siraran layuka, wanda ya yaɗu ta hanyar cuɗanya da Sudan da ƙasashen Larabawa da Indiya da Pakistan, shi ne ya zo da kon. Garin Sojat da ke Jihar Rajastan ta Indiya ya shahara da noman lalle, har gwamnatin ƙasar ta yi wa lallensa rajistar alamar asali a 2021. A watan Disamban 2024 kuma hukumar UNESCO ta sanya al'adar lalle cikin jerin al'adun gado na duniya, bisa buƙatar ƙasashen Larabawa 16. Kayan aikin ya sauya ke nan, amma a gidaje da dama yadda ake sarrafa garin bai sauya ba, kuma daga nan ne matsala ke farowa.

Yadda lalle ke kama fata

Ganyen lalle, wanda masana tsirrai ke kira Lawsonia inermis, yana ɗauke da wani sinadarin rini mai suna loson. Sinadarin ba ya fita nan take. Sai an jiƙa garin an bar shi na wasu awanni kafin ya saki launinsa, sannan ya ratsa saman fata ya manne da ita. Bayan ya kai ƙarfinsa kuma sai ya fara mutuwa, musamman a cikin zafi. Saboda haka kwaɓaɓɓen lalle yana da lokacin da bai nuna ba, da lokacin da ya nuna, da lokacin da ya wuce.

Ƙasar Maska ta yi suna a da wajen saƙa da rini, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin karofi ya san cewa zane yakan fito daga ruwan baba da launin kore, sai iska ta buge shi sannan ya koma shuɗi. Haka lalle yake. Idan aka kankare shi yakan fito ruwan lemo, iska ce ke mayar da shi ja mai duhu cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Daga nan yakan ɗauki mako ɗaya zuwa uku yana kwaɗewa, gwargwadon yadda fatar ke saɓulewa.

Toshewar baki

Wannan ce matsalar da ta fi addabar masu zane. Ƙofar kon ba ta wuce kaurin allura ba, don haka ɗan guntun jijiyar ganye ko ƙwayar yashi ko gudajin da bai narke ba ya isa ya tsayar da aiki. Garin da aka daka a turmi ko aka saya da awo a kasuwa yakan zo da duk waɗannan.

Rariyar tuwo ba ta isa ba. Ana ɗaura yadi mai shara-shara, irin na mayafi, a bakin roba, a tankaɗe garin sau biyu ko uku. Bayan an kwaɓa kuma, a zuba kwaɓin cikin siririyar safar nailan, a matse shi ya fita ta cikinta zuwa leda mai tsabta. Abin da ya rage a safar shi ne da zai toshe kon.

Idan toshewar ta auku ana cikin zane, a zura allura ko fil a buɗe ƙofar, sannan a matsa kaɗan a kan tsumma har lallen ya dawo daidai. Kuskuren da aka fi yi shi ne yanke bakin da almakashi duk lokacin da ya toshe. Kafin a gama hannu ɗaya ƙofar ta faɗaɗa, layin farko siriri, na ƙarshe kuma kamar igiya. Wani lokacin ma bushewa ce kawai, musamman da hunturu, don haka ya dace a ajiye jiƙaƙƙen tsumma a gefe ana goge bakin, a kuma bar fil a ciki duk lokacin da aka ajiye kon ɗin.

Ruwa ya yi yawa ko kauri ya yi yawa

Kwaɓin da ya yi ruwa yakan baje a fata, layuka su haɗe, fulawa ta koma tabo. Wanda ya yi kauri kuma yana gajiyar da yatsu, ya riƙa fita a gutsure, har ya kai ga fasa ledar. Ma'aunin da ya fi sauƙi shi ne a ɗebo da cokali: idan ya zubo a hankali kamar zare bai tsinke ba, ya yi. Idan ya kwarara kamar koko, ruwa ya yi yawa. Idan ya ƙi barin cokalin, yana buƙatar ƙari.

Abin lura shi ne kwaɓi yakan ƙara saki bayan ya kwanta. Don haka a fara kwaɓa shi da kauri, a rufe, sai bayan ya nuna a daidaita shi da ɗigon ruwa kaɗan-kaɗan. A kuma riƙa rage tankaɗaɗɗen gari a gefe, domin idan hannu ya zarce da ruwa a samu abin gyarawa. Ma'aunin da masu zane da dama ke bi shi ne giram 100 na gari, da sukari kimanin babban cokali biyu, da man ƙamshi kimanin babban cokali biyu, sai ruwa ko ruwan lemon tsami gwargwadon buƙata.

Tsinkewar layi da fashewar leda

Idan layi yana yankewa, ko kon ya yi tartsatsi ya ɓata zane, iska ce ta maƙale a ciki. Hanyar kauce mata ita ce a zuba kwaɓin a babbar leda, a yanke kusurwarta, a zura ta can cikin kon ɗin sannan a matsa, maimakon ɗurawa da cokali. Bayan haka a riƙe kon ɗin bakinsa na kallon ƙasa, a girgiza shi lallen ya sauka. Sukari ma yana da rawar da yake takawa a nan, domin shi ke ba kwaɓi yauƙin da zai sa a ja dogon layi bai yanke ba.

Fashewa kuwa tana zuwa ne daga abu uku: cika kon fiye da kima, amfani da leda mai laushi da ke miƙewa, da rashin liƙe gaɓar. Ledar da ta dace ita ce mai ƙarfi mai ƙara, irin wadda ake naɗe kyauta da ita. Kada a cika fiye da rabi zuwa kashi biyu cikin uku. A ninke gefe biyu na saman zuwa tsakiya, a naɗe shi ƙasa har ya yi tauri, a liƙe da salatif, a kuma bi gaɓar gefe da salatif tun daga kusa da baki. Yayin da lallen ke raguwa, a riƙa ƙara naɗe saman domin kon ya ci gaba da zama a cike. Ƙananan kon guda huɗu sun fi babba guda ɗaya, domin ɗumin hannu yana sassauta lallen da ya daɗe a riƙe.

Yanayi na sauya kwaɓi

Kwaɓin da ya yi kyau a watan Agusta ba lallai ya yi a Janairu ba. Da hunturu, lokacin da aka fi yin bukukuwa a wannan yanki, iska a bushe take, lalle yakan bushe cikin 'yan mintuna ya tsattsage ya zube kafin ya ba da launi. Maganinsa a ƙara sukari a kwaɓi, idan zanen ya fara bushewa kuma a jiƙa auduga da ruwan lemon tsami mai sukari a riƙa dangwalawa a hankali. Sanyi ma yana rage kamu, shi ya sa ɗumama hannu a nesa da garwashi yake taimakawa.

Da damina akasin haka ne. Sukari yana jawo laima, idan ya yi yawa zanen ba zai bushe ba, sai ya narke ya baje. A rage shi sosai.

Da bazara kuwa matsalar ita ce saurin mutuwa. A 2025 ƙaramar Sallah ta faɗo a ƙarshen Maris, babbar kuma a farkon Yuni, wato duka biyun cikin zafi. A irin wannan yanayi kwaɓi yana iya nuna cikin awanni kaɗan, ya kuma rasa ƙarfinsa cikin kwana ɗaya ko biyu, alhali da hunturu yakan buƙaci ya kwana. Firiza tana adana kon na watanni idan ya daskare, amma inda wutar lantarki ba ta tsayawa, narkewa da sake daskarewa suna raunana shi. Abin da ya fi shi ne a kwaɓa na yini ɗaya kawai, a ajiye a inuwa kusa da randa.

Idan launi ya ƙi fita

Kafin a ɗura lalle a kon, a ɗiga kaɗan a tafin hannu, a bar shi minti biyar a goge. Idan ya bar tabo mai ruwan lemo sosai, ya nuna. Idan tabon ya yi fari-fari, ko dai bai nuna ba ko ya wuce, ko kuma garin ya tsufa. Koren launin gari ba hujja ba ne, domin akan sa wa tsohon gari launi ya yi kama da sabo. Gari mai kyau shi ne wanda aka shanya ganyensa a inuwa, aka adana shi a rufe nesa da rana da laima. Tafasasshen ruwa yana fitar da launi da sauri amma yana kashe shi da sauri, don haka ruwa mai ɗumi kaɗan ya wadatar. Man bishiyar turare, wadda wasu ke kira zaiti, da man lafanda suna ƙara duhun launi. Kananzir da fetur da tina, waɗanda wasu ke zubawa da wannan niyya, suna ƙona fata, kuma ba su da gurbi a cikin lalle.

Sau da yawa kuma laifin na fata ne. Mai da basilin suna shiga tsakanin lalle da fata, don haka a wanke wurin da sabulu a bar shi ya bushe. Dilka da halawa a gama su kafin ƙunshi, domin idan suka biyo baya za su kwashe launin tare da matacciyar fata. Lallen ya zauna aƙalla awa huɗu zuwa shida, a kankare shi ba tare da wankewa ba. Shi ya sa mata da dama ke zaɓar bayan sallar Isha'i, su cire kafin Asuba, su taƙaita taɓa ruwa ga alwala, su nisanci sabulu da wanke-wanke a yinin farko. Ya kamata kuma a sani cewa tafin hannu da tafin ƙafa sun fi kama launi saboda kaurin fatarsu. Damtse da ƙwauri ba za su taɓa kai su duhu ba, komai kyan lallen.

Kon na kanti da baƙin lalle

Tunda kwaɓaɓɓen lalle na asali ba ya wuce 'yan kwanaki a waje, akwai abin tambaya game da kon ɗin da ya yi watanni a kan kanta cikin zafi, amma yana ba da launi cikin minti ashirin. Irin wannan yana ɗauke da ƙarin rini ko sinadaran adanawa, waɗanda ba kullum ake rubuta su a kwali ba. Mai saye ta duba lambar rajistar hukumar NAFDAC da ranar lalacewa da jerin abubuwan da aka haɗa. Ta kuma shinshina: lalle na asali ƙamshin ganye yake yi, wanda ke warin sinadari ko yake sa ido yaji abin gudu ne. Akwai kuma wanda ke bushewa ya zama kamar leda a kan fata. Malamai sun bambanta launin da ya shiga fata, wanda ba ya hana alwala, da abin da ya yi rufi ya hana ruwa isa gare ta, wanda sai an ɓare shi.

Babban haɗarin yana cikin baƙin lalle. Ganyen lalle ba ya ba da baƙi. Baƙin da ke fita cikin ƙasa da awa ɗaya yawanci daga dayis yake, wato rinin gashi mai ɗauke da sinadarin PPD. Tarayyar Turai ta ƙayyade shi a rinin gashi da kada ya wuce kashi 2 cikin 100 bayan an haɗa, ba ta kuma yarda a zana shi a fata ba. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ma ta haramta sa shi a kayan da ake shafawa a fata. Mai haɗa dayis a gida kuwa ba ta da ma'aunin da za ta san yawan abin da ta zuba.

Abin da ke ruɗar mutane shi ne illar ba ta cika bayyana a ranar ba. A karo na farko tana iya ɗaukar mako ɗaya zuwa biyu, sai ƙaiƙayi da kumburi da ƙuraje masu ruwa su fito daidai bisa layin zanen. A baƙar fata wurin yakan warke ya bar tabo fari ko baƙi na watanni, wani lokaci har da tabo mai tudu. Jikin da ya ƙi sinadarin sau ɗaya kuma ya ƙi shi har abada, ta yadda rina gashi bayan shekaru zai iya kumbura fuska da fatar kai. Mace tana iya yin baƙin lalle sau goma lafiya, na goma sha ɗaya ya tayar mata. Gwaji a ɗan wuri ba ya ba da tabbaci, tunda illar tana jinkiri. Wannan shi ne garin neman gira a rasa ido. Mai zanen ma ba ta tsira ba, domin ita ce ke taɓa shi kullum. Shan dayis kuma guba ce mai kisa, kamar yadda asibitocin Sudan da Maroko suka sha gani, saboda haka bai kamata a bar shi inda yara ke kaiwa ba.

Neman baƙin ado ba sabon abu ba ne. Matan Hausawa na da suna zane da katambiri, a Kudancin Amurka kuma ana amfani da 'ya'yan wata bishiya danginsa mai suna jagwa, wadda ruwanta ke ba da shuɗi mai duhu ba tare da PPD ba, kodayake shi ma wasu jikinsu ba ya karɓarsa. Jan lalle da aka maimaita sau biyu ko uku a tafin hannu da ƙafa yana yin duhu sosai.

Lokacin zuwa asibiti

Idan aka ji zafi ko raɗaɗi bayan an zana, a wanke nan take da ruwa mai yawa da sabulu. Idan ƙuraje suka fito, kada a fasa su, kada a shafa man goge baki ko toka ko man bilicin. A je asibiti a faɗa wa likita ainihin abin da aka sa, a tafi da kwalin idan yana nan. Akwai manyan asibitoci a Funtuwa da Malumfashi, akwai kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika a kan hanyar Zariya. Kumburin fuska ko leɓe ko wahalar numfashi ba ya jiran wayewar gari.

Ko lalle na asali ma bai dace da jarirai ba. Akwai wata larurar jini ta gado da ake kira ƙarancin G6PD, wadda ta yawaita a Najeriya, musamman a tsakanin 'ya'ya maza, kuma iyaye da dama ba su san ɗansu na da ita ba. Sinadarin loson yana iya farfasa jajayen ƙwayoyin jinin irin wannan yaro idan aka shafa masa lalle mai yawa. Alamominsa su ne idanu su yi rawaya, fitsari ya yi duhu, jiki ya yi fari ya saki.

Duk waɗannan gyare-gyare suna buƙatar abu guda, wato lokaci. Amaryar da za a kai ranar Asabar, ƙunshinta na daren Laraba ne ko Alhamis, domin launin ya kai ƙarfinsa ranar biki. Mai ƙunshin da za ta yi wannan aiki kuwa ta tankaɗe garinta tun farkon mako, ta kwaɓa, ta gwada a tafin hannunta, ta naɗa kon fiye da buƙata. Idan iyayen biki suka ba ta wannan sarari, ba za a wayi gari ana neman abin da zai yi baƙi cikin rabin awa ba.